Rigar Lamba

Ƙarfe huɗun asuba a tashar jiragen ruwa ta Vigo.
Ruwan sama bai ɗauke ba tun Talata.
A ƙasa ana jan akwatunan kifi bisa ƙanƙara,
ni ina sama, a ɗakin da tagarsa ke gumi,
da kofi ya huce, da kuskure ɗaya a gabana.

Jiya Xurxo ya hauro matakala da takalman roba,
yana ɗiga, ya ajiye mini takarda a kan maɓallai.
Kwana tara ya yi a kan ruwa.
Takardar ta ce kamunsa kilo arba'in ne ƙasa da babu,
wato shi ake bi.
Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi,
"Sabela, yaushe na ci bashin teku?"

Na bi sawu, don ruwa ba ya tsami banza.
Yatsan wani ne ya zame,
ɗan karan ragi ya faɗo gaban lamba,
ita kuwa ta karɓa, ko gezau.

Haka aka haife ta a harshen na'ura,
ba ta tambayar baƙo daga ina.
Arba'in ɗin kilo, arba'in ɗin yuro,
arba'in ɗin shekarun mutum,
duk uwa ɗaya uba ɗaya ne a wurinta.
Ka haɗa mata nauyi da kuɗi, ta tara,
ta miƙo maka da fara'a.

Ba ni da ikon yi mata tiyata.
Da ita agogon manhaja yake ƙirga,
da ita ake lissafin albashin masu dako.
Wanda ya sassaƙe ginshiƙi
rufi ne zai same shi a ka.

Sai na ɗinka mata riga.

Ƙaramin aji, layi talatin da 'yan kai,
na raɗa masa suna Nauyi.
Na zaunar da lambar a ciki, yadda take,
ban rage mata ko ƙwayar zarra ba.
A bakin wuya na sa sharaɗi:
abin da ya gaza sifili, ya koma inda ya fito.
Na ɗinka wata, na kira ta Kuɗi,
na ce idan sun haɗu a hanya su gaisa,
amma kada wanda ya tara su.

Na yi murna da wuri.

Biyar da rabi aka buɗe gwanjo,
allon kasuwa ya tsaya cak.
Iago mai kiran farashi ya ɗago kai yana neman tagata.
Jeri ya ƙi jeruwa.
An tambayi riga, tsakanin tara da goma wa ya fi,
riga ta yi shiru.
Lambar da ke ciki ta san amsa tun fil azal,
ni ce na manta ban yanka mata hannun da za ta nuna ba.

Ashe riga ba ta gadon sanin mai ita.
Tarawa, ragewa, wa ya fi, wa ya yi daidai,
kowanne sai ka huda masa ƙofa,
ka ce: wannan tambayar, miƙa ta ciki.

Layi shida na ƙara, hannuna na rawa.
Allo ya motsa. Muryar Iago ta dawo
kamar ba abin da ya faru.

Da gari ya waye Xurxo ya sake hawowa.
Ya karanta sabuwar takarda sau biyu,
ya ninke, ya soka a hula.
Bai ce na gode ba, ba halinsa ba ne.
Ya bar mini wani abu a gefen kwamfuta,
naɗe cikin jaridar shekaranjiya,
mai sanyi, mai nauyi,
wutsiyarsa a waje.